Kututture Da Akwati: Dabaru Biyu Daga Maraɗi A Ƙauyukan Arewa

Duk buhun gawayin da aka sauke a Nima ko Aboabo ko zangon Tamale, itace ne da aka sare a wani ƙauye. Mu mutanen zango muna cikin masu saye, mu hura wuta mu ɗora tukunya, amma ba kasafai muke tambayar abin da ya saura a inda itacen ya fito ba. Dattawanmu dai ba su manta da 1983 ba, shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonaki, yunwa ta leƙa kowane gida a Gana.

A wannan shekara ce, can a Maraɗi ta ƙasar Nijar, wani malamin gona ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da abin da kowa ke takawa ya wuce. Ya sha wahalar dashe, yawancin abin da ya dasa yana mutuwa. Sai ya gane cewa 'yan ganyayen da manoma ke sassabewa kafin damina toho ne na manyan itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin yi kawai shi ne manomi ya zaɓi rassa uku zuwa biyar masu ƙarfi a jikin kututturen, ya yanke sauran, ya tsare su daga wuta da awaki. Manoman can suka raɗa masa suna sassabin zamani, kuma an ƙiyasta cewa ya farfaɗo da itatuwa kamar miliyan 200 a Nijar.

A 2009 ƙungiyar World Vision ta kawo wannan dabara ƙauyukan Talensi, kusa da Bolga. A ƙauyen Yameriga, gindin duwatsun Tongo, wurin da ya zama fili ƙwal ya sake yin duhuwa. Babban aikin da aka yi a can shi ne kafa 'yan sa-kai masu kashe gobara, domin wuta ɗaya ta hunturu ta isa ta ƙone aikin shekara uku.

Ba mu raina dashe ba. A ranar 11 ga Yuni, 2021, gwamnati ta kira jama'a su dasa itatuwa miliyan 5 a yini guda, makarantu da masallatai da coci-coci suka fito. To, amma ɗan tsiron da aka dasa a arewa sai ya ƙetare rani na wata shida ko fiye, ga nisan rijiya, ga bakin akuya. Kaɗanya kuwa takan kai shekara 15 kafin ta yi 'ya'ya. Shi kututture ya riga ya haƙa rijiyarsa da kansa.

Sai dai tsare itace yana da wuya ga mai yunwa. Daga Yuni zuwa Agusta rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, yaro ya kwanta da zazzaɓi. Matar da ba ta da mai ba ta rancen 'yan sidi, gatari za ta ɗauka, ko da kaɗanyar da take tsintar 'ya'yanta ce.

Maganin wannan ma daga yankin Maraɗin ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara haɗa matan karkara a wani tsari mai suna Mata Masu Dubara, wanda yanzu ya bazu a ƙauyukan arewacin ƙasar nan. Mata 15 zuwa 30 ke taruwa mako-mako, kowacce ta zuba gwargwadon ƙarfinta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku dabam-dabam, akwatin kuma a ɗakin ta huɗu. Bambancinsa da adashi ko susu da muka saba, mace ba ta jiran kwasarta ta zagayo. Ran da buƙata ta taso, tana iya rantar har ninki uku na abin da ta tara, ta biya cikin wata uku. Da wannan ake sayen irin gyaɗa, ko 'ya'yan kaɗe lokacin da suke arha, ko zabi na kiwo. Bayan shekara a fasa akwati a raba.

Akwai magana guda da ba za mu ɓoye wa masu karatu ba. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi suna ɗora kuɗin ruwa a kan rance, ko da yake kuɗin cikin akwatin yake komawa, kuma wannan ya sa mata Musulmi da dama ke ja da baya. Wasu ƙungiyoyi sun zaɓi rance ba ruwa, wasu kuma su sayi hatsi da kaka su ajiye, su sayar idan ya yi tsada, a raba ribar. Matan zangon da ke son kafa nasu akwati, ya kamata su zauna da malaminsu a kan wannan batu tun kafin a sayo kwaɗon farko.