Abin da Ɓera Mai Ƙiba Ya Koya Mana Game da Ciwon Sukari

A 1949, a ɗakin binciken Jackson da ke Amurka, an lura da wasu ɓeraye masu ci ba ƙoshi. Nauyinsu yakan kai ninki uku na 'yan'uwansu, ba sa son motsi, sukarin jininsu kuma yakan hau. Sai a 1994 Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano dalili: jikinsu ba ya yin leptin, sinadarin da kitse ke aika wa ƙwaƙwalwa don a san an ƙoshi.

Ga yadda ake gwada su: a hana ɓera abinci na wasu sa'o'i, a ba shi gulukos, a riƙa ɗiban ɗigon jini daga wutsiyarsa har awa biyu. Idan sukarin ya ƙi sauka, jikin ya kasa sarrafa shi.

Irin wannan gwajin ake yi wa mai ciki: ta kwana ba ci, ta sha gulukos giram 75, a auna jininta kafin sha da bayansa.

Ciwon sukari yakan daɗe a ɓoye, jini kaɗai ke tona shi. Mu mutanen Gadarif masu son shayi mai zaƙi, idan ƙiba ta zo tare da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ku zo a auna jininku tun kafin ciwon ya taɓa ido ko ƙoda.