Tsarin Majarrori da Sauye-sauyensu: Binciken Falaki da Iyakar Mai Tafsiri

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan an yawaita jin masu wa'azi suna ɗauko sakamakon binciken falaki su ɗora shi a kan ayoyin Alƙur'ani, yayin da wasu kuma ke ƙaryata binciken ɗungurungum. Wannan maƙala ta bi tarihin abin da aka sani game da majarra, wato gagarumin taron taurari da iskar gas da ƙura waɗanda ƙarfin jawowa ya ɗaure wuri guda, domin a tantance abin da ya tabbata daga abin da ke sauyawa kafin a yanke hukunci.

Daga tabon gajimare zuwa majarra

Wajen shekara ta 964 Miladiyya, Abdurrahman as-Sufi ya ambaci wani ɗan tabo mai kama da gajimare a littafinsa Suwarul Kawakib. Wannan shi ne rubutu mafi daɗewa da aka sani game da majarrar da ake kira Andromeda a yau. Game da farar hanyar nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, Aristotal ya ɗauke ta abu ne da ke faruwa a saman iskar duniya. Ibnul Haisam ya yi masa raddi da hujjar cewa matsayinta tsakanin taurari ba ya sauyawa ko daga ina aka dube ta, don haka tana nesa ƙwarai. Albiruni kuwa ya ce tarin ƙananan taurari ce da ba su ƙidayuwa, kuma madubin hangen nesa na Galileo ya gaskata hakan a 1610.

Har zuwa 1920 masana na jayayya a kan ko irin tabon da as-Sufi ya gani yana cikin majarrarmu ko wajenta. A 1923 Edwin Hubble, a cibiyar Mount Wilson ta Amurka, ya gano a cikin Andromeda wani tauraro mai hasken da ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida. Da ma Henrietta Leavitt ta nuna cewa tsawon zagayen hasken irin waɗannan taurari yana bayyana ainihin ƙarfinsu, wanda da shi ake lissafa nisansu. Hubble ya ƙiyasta nisan da kusan shekarun haske 900,000, abin da ya isa hujjar cewa Andromeda majarra ce mai zaman kanta. A 1952 Walter Baade ya nuna cewa taurarin nan iri biyu ne da aka cakuɗa, sai nisan ya ninku. A yau ana ƙiyasta shi da shekarun haske miliyan 2.5. Hukuncin ya tsaya, adadin ne aka yi ta gyarawa.

Siffa da sauyi

Majarrarmu tana da siffar faifai mai murɗaɗɗun hannuwa, faɗinta kusan shekarun haske 100,000, taurarinta tsakanin biliyan 100 da biliyan 400. Rana na nesa da tsakiyarta da kimanin shekarun haske 26,000, kuma tana kewaya tsakiyar sau ɗaya a kusan shekara miliyan 230. A tsakiyar akwai baƙin rami mai nauyin rana miliyan 4, wanda aka fitar da hotonsa a 2022.

A 1926 Hubble ya karkasa majarrori zuwa masu siffar ƙwai, da masu murɗaɗɗun hannuwa, da marasa tsayayyiyar siffa. Sunayen da ya ba su sun sa an daɗe ana zaton masu siffar ƙwai ne ke rikiɗa su zama masu hannuwa. Bincike na baya ya karkata ga akasin haka: ƙananan majarrori na haɗuwa su girma, kuma karon manyan masu hannuwa biyu kan haifar da mai siffar ƙwai, wadda iskar gas ɗinta ta ƙare, ta daina haihuwar sababbin taurari.

A shekarun 1970 Vera Rubin ta auna gudun taurarin da ke gefen majarrori, ta tarar suna gudun da ya kamata ya watsar da su in da abin da ake gani kaɗai ke riƙe da su. Wannan ya ƙarfafa zancen samuwar wani ɓoyayyen abu mai nauyi marar haske, wanda har yau ba a san haƙiƙarsa ba. Haka nan madubin James Webb da aka harba a Disamba 2021 ya hango majarrori masu haske sosai da suka wanzu kusan shekara miliyan 300 bayan farkon faɗaɗar halitta, da wuri fiye da yadda lissafi ya yi tsammani.

Matsayin mai tafsiri

Aya ta 47 a Suratuz Zariyat ita ce aka fi ɗorawa a kan nisantar da majarrori ke yi wa juna, wanda Georges Lemaître ya lissafa a 1927, Hubble ya auna a 1929. Magabata sun fassara kalmar ƙarshe ta ayar da iko, wasu da yalwar arziki, wasu da faɗin sama. Lafazin na iya ɗaukar ma'anar faɗaɗawa, amma yanke cewa ita kaɗai ake nufi yana nufin ƙarnonin farko sun jahilci ayar, kuma yana rataye ta a wuyan lissafin da ake gyarawa. Imam Shaɗibi a cikin Muwafaƙat ya yi gargaɗi a kan ɗora wa Alƙur'ani ilmukan da Larabawan da aka saukar da shi da harshensu ba su sani ba. Tafsirin Jawahir na Ɗanɗawi Jauhari kuwa ya cika da ilmin zamaninsa, wanda wani sashensa ya riga ya tsufa.

A ɗaya ɓangaren, Imam Gazali a cikin Tahafut ya ce wanda ya ƙaryata bayanin masana a kan husufin rana da wata da sunan kare addini, cutar da addinin ya yi, domin duk wanda ya san hujjar lissafin zai yi shakkar addini ne, ba lissafin ba. Samuwar majarrori da nisansu da jujjuyawarsu suna cikin wannan rukuni na abin da aka gani aka auna.

Kammalawa

Ayoyin ƙarshen Suratu Ali Imrana sun yabi masu tunani a kan halittar sammai da ƙasa, kuma binciken majarrori ya faɗaɗa fagen wannan tunani fiye da yadda as-Sufi ya taɓa hangowa. Abin da ya dace da ɗalibin tafsiri shi ne ya karɓi abin da awo ya tabbatar, ya ambaci nazariyya a matsayinta na nazariyya, ya bar aya a kan ma'anar da harshen Larabci da bayanin magabata suka ba ta. Matashin da aka gina imaninsa a kan wani adadi yana cikin haɗari ranar da aka gyara adadin. Allah ne Mafi sani.