Gurasa da Burodi a Matsayin Abin Taɓawa a Tarukan Ƙasar Karfi

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba wani nau'in cima da ke ƙara samun gindin zama a wuraren walima da saukar karatu da liyafar ma'aikata a Karfi da sauran garuruwan da ke tsakanin Malumfashi da Funtuwa, wato 'yan gutsattsarin burodi ko gurasa da ake cusa wa mahaɗi a miƙa wa baƙo ya ci a loma ɗaya ko biyu.

Turawa suna kiran irin wannan haɗi sanwic, kuma sunan ya samo asali ne daga sarautar wani basaraken Ingila, John Montagu, wanda ya rayu a ƙarni na 18. Daga baya shagunan Yahudawa na birnin New York a Amurka suka yi suna wajen cika burodi da yankakken nama mai gishiri. To amma kuskure ne a ɗauka cewa Bahaushe sai da ya ga Bature sannan ya san wannan dabara. Kalmar burodi dai aro ce daga Ingilishi, amma gurasa daga Larabci take, kuma ta daɗe a Kano tun zamanin fataken Sahara. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tsire a tasha ya san yadda ake naɗe nama a cikin gurasa, haka kuma ɗan makarantar da ya tsaga burodi ya danna ƙosai bai jira wani ya koya masa ba. Abin da yake sabo shi ne ƙanƙanta abin, da jera shi a faranti domin taro.

Dalilin karɓuwarsa a wannan yanki ba boyayye ba ne. Ƙasar noma ce. Wake da gyaɗa da waken suya da tumatir da albasa duk a gida ake samunsu, saboda haka ƙosai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da awara ba su yi wa mai taro nisa ba. Alkama ce kaɗai matsala, domin yawancin fulawar da ake yin burodi daga waje ake shigo da alkamarta. Magidanta ba su manta da shekarar 1987 ba, lokacin da gwamnatin soja ta hana shigo da alkama, burodi ya yi tsada har zuwa ɗage dokar a 1992. Wannan ne ya sa yanka burodi ƙanana ya zama hikima: guda ɗaya da mutum biyu za su cinye sai ya ishi mutum shida taɓawa.

Yadda ake haɗawa kuwa ba wuya. Idan gurasa ce, a yanka ta gida takwas, a ɗan yayyafa mata ruwa don ta yi laushi, a shafa man gyaɗa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da aka daka da yaji, kamar dai yadda Kanawa ke yin bandashe. Sai a ɗora yankan tsire ko balangu da ɗan zoben albasa, a ninke, a soke da tsinke. Idan burodi ne, gara wanda ya kwana ɗaya, domin sabon fitowa daga gidan burodi yakan dunƙule a ƙarƙashin wuƙa. A nan ne mata da yawa ke kuskure guda: sukan ɗora tumatir kai tsaye a kan burodin, kafin baƙi su hallara ruwansa ya jiƙa komai ya zama taɓo. Maiƙo shi ne katanga. A fara shafa mai ko bota a fuskokin biyu, a cire 'ya'yan tumatir, a sa shi a tsakiya tsakanin nama da kabeji. Ƙosai kuma a bar shi ya huce kafin a rufe, in ba haka ba tururinsa zai yi irin ɓarnar da tumatir ke yi.

Akwai wani abu da ya fi ɗanɗano muhimmanci. Dafaffen ƙwai da kifin gwangwani da bama ba sa jure zafin bazara. Masana kiwon lafiya sun ce kada irin wannan abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba sanyi, in ana tsananin zafi ma awa ɗaya. A garin da wuta ba ta da tabbas, kuma taron da aka kira ƙarfe biyu ba ya cika sai bayan la'asar, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A ganina haɗin gargajiya na gasasshen nama da ƙuli ya fi dacewa da yanayinmu, ko da yake shi ma ba a kwana da shi.

Saura batun suna. Wasu na cewa abin taɓawa, wasu ƙwalam, amma ƙwalam na ɗauke da ma'anar kwaɗayi, ba kuwa mai gidan da zai so a ce ya tara dattawa ya ba su ƙwalam. Dattawan ma har yanzu sukan karɓi farantin su yi godiya, sa'an nan su ci gaba da duban ƙofa suna jiran tuwo.