Kuɗi a cikin waya: Shin an taɓa gwada waɗannan manhajoji a hannun ɗan kasuwar Malanbil?

Duk wanda ya san kasuwar Malanbil shekaru ashirin da suka wuce, ya san cewa ɗan kasuwa ba ya rabuwa da lalitarsa. Wanda ya taso daga Gaya ko Kamba ko Paraku domin sayen albasa ko masara, kuɗinsa na ɗaure a ƙugunsa, idan ciniki ya faɗa sai ya kwance ya ƙirga, mai kaya ya sake ƙirgawa a gaban dillali, kowa ya kama gabansa. A yau kuwa lalitar ta koma cikin wayar salula. Ko'ina ka duba a wannan kasuwa, wadda aka daɗe ana lissafa ta a matsayin ta biyu a Jamhuriyar Benin bayan Dantokpa ta Kwatano, rumfunan ajiya da cire kuɗi ne na MTN da Moov da Celtiis. Rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023 a Yamai ya ƙara wa abin ƙarfi, domin lokacin da jama'a suka koma tsallake kogin Kwara a kwale-kwale, babu mai son ya hau ruwa da damin kuɗi a jikinsa.

Babu mai musun cewa an sami sauƙi. To amma mu da muke aikin gidan rediyon al'umma, muna karɓar kiran masu sauraro, mun san irin koke-koken da ke biyo bayan wannan sauƙi. Wani ya aika kuɗi sun tafi lambar da ba ita ya nufa ba. Wani ya ƙara sifili guda bai sani ba. Wata kuma ba ta iya karanta Faransanci ba, saboda haka duk lokacin da za ta cire kuɗinta sai ta miƙa wayarta ga yaron rumfa, ta kuma faɗa masa lambar sirrinta a gaban jama'a. Idan aka yi asara, abin da aka saba cewa shi ne jahilci ne ya jawo. Mu dai a ganinmu wannan hukunci an yi gaggawar yanke shi.

Mai karatu, bari mu ɗauki maganar ƙirga kawai. Bahaushe da Bazabarme da Badande a wannan yanki ba da sefa ɗai-ɗai suke lissafi ba, da dala suke yi, kuma dala guda sefa 5 ce. Idan mai tattasai ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi. Dala ɗari ita ce 500, jika guda kuma 1000. Mutumin da ya shekara talatin yana wannan lissafi a ka, yana juya Naira zuwa sefa kafin mai kalkuleta ya gama dannawa, ba za a kira shi wanda bai iya lissafi ba. Amma waya ba ta san dala ba, ba ta san jika ba. Abin da take so shi ne ka rubuta mata 10000 ko 100000, alhali tsakanin jika goma da jika ɗari sifili ɗaya ne tak, a kan ɗan ƙaramin gilashi, cikin hasken rana. Da kuɗin takarda irin wannan kuskure ba ya yiwuwa, domin ido ya san jar takarda jika guda ce, shuɗiya jika biyu, koriya jika biyar. Bugu da ƙari, manhajojin Nijeriya irin su OPay da Moniepoint suna raba dubbai da waƙafi su sa kwabbai bayan ɗigo, su kuwa na ƙasashen renon Faransa da ɗigo ko ɗan fili suke raba dubban. Ɗan kasuwar kan iyaka duka biyun yake gani a rana guda.

Haka nan lambobin waya. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, ta Nijeriya 11, ta Benin kuwa da 8 ce, sai a ranar 30 ga Nuwamban 2024 aka ƙara 01 a gaban kowace lamba ta zama 10. Sannan ga jerin zaɓin da ke fitowa idan ka danna lambar shiga asusu, danna 1, danna 2, koma baya, tabbatar, duk da Faransanci, kuma idan ka ɗan yi jinkiri wajen haɗa baƙi sai shafin ya rufe, ka sake tun daga farko.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, akwai sana'a guda sukutum da aka kafa domin gano irin waɗannan matsaloli tun kafin kaya su fita kasuwa. Za mu iya kiranta gwajin sauƙin amfani. Yadda ake yin sa ba wani abu ne mai wuya ba. Masu ƙera manhaja za su nemo mutum irin wanda aka yi abin dominsa, su ba shi waya, su ce masa alal misali ya aika jika biyar ga ƙanensa. Daga nan sai su yi shiru su zuba ido. Ba za su nuna masa inda zai danna ba, sai dai su roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yayin da yake yi. Duk inda ya tsaya yana waige-waige, ko ya danna inda bai dace ba, sai su rubuta. Ƙa'idar aikin ita ce manhajar ake jarrabawa, ba mutumin ba. Idan ya kasa, to ita ce ta faɗi, sai a koma a gyara, a sake kawowa. Ai ko tela ba ya miƙa riga sai mai ita ya gwada.

Wani masani ɗan ƙasar Denmark mazaunin Amurka, Jakob Nielsen, ya rubuta a shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar kacal yana bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin da ke cikin shafin intanet. Sai dai ya gindaya sharaɗi, cewa idan masu amfani da abin sun kasu gida-gida, to kowane gida sai an yi masa nasa gwajin. A nan gizo ke saƙar. Ɗalibai biyar na jami'a a Kwatano, masu Faransanci a baka, ba za su tsaya a madadin dillalan albasa biyar na Malanbil ba, waɗanda ke nesa da su da sama da kilomita 700, kuma karatunsu na allo ne da ajami.

Inda aka yi wannan aiki tsakani da Allah, an ga amfaninsa. M-Pesa ta ƙasar Kenya, wadda ta yi wa sauran tsare-tsaren kuɗin waya na Afirka jagora, da farko ba domin aika kuɗi gida aka ƙirƙiro ta ba. A shekarar 2005 an gwada ta a garin Thika domin masu ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. Da masu gwajin suka sa ido, sai suka ga mutane na amfani da ita wajen tura wa juna kuɗi da biyan abokan ciniki. Maimakon su ce mutanen sun saɓa ƙa'ida, sai suka sauya tsarin, kamfanin Safaricom ya fito da ita a watan Maris na 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi ga iyali. Ita ma wayar Tecno da ke aljihun galibinmu, kamfanin Transsion na ƙasar Sin bai mamaye kasuwar Afirka haka kawai ba. Mutanensa sun lura cewa ɗan Afirka na yawo da layi fiye da ɗaya, sai suka yi waya mai cin layi biyu, suka sa batir mai daɗewa, suka gyara kyamara ta riƙa fitar da fuskar baƙar fata, suka kuma sa harsuna irin su Hausa da Sawahili da Amharik. Mu da layin Benin da na Nijar ke kamawa a gari guda, mun fi kowa sanin darajar wannan.

Game da waɗanda ba su yi boko ba kuwa, wata mai bincike a cibiyar Microsoft da ke Bangalore a Indiya, Indrani Medhi, ita da abokan aikinta sun wallafa wani gwaji a 2009. Sun ba talakawan da ba su iya karatu ba hanyoyi uku na aika kuɗi ta waya: ta rubutu zalla, ta murya, da ta hotuna haɗe da murya. Ta hanyar rubutu babu ko mutum ɗaya da ya kai ƙarshe. Ta sauran hanyoyin biyu kuwa galibinsu sun kammala. Mutanen ba su canza ba, wayar ce aka canza.

Ba sai mun je Indiya ba ma. A jihar Doso da Gaya ke cikinta, da kuma jihar Damagaram, an gudanar da wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a shekarun 2009 da 2010, tare da ƙungiyar agaji ta CRS da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka. An koya wa manya karatu da lissafi da Hausa da Zabarmanci, wasu azuzuwan kuma aka haɗa musu da koyon sarrafa ƙaramar waya. Waɗanda suka koya da waya sun fi sauran samun sakamako mai kyau a rubutu da lissafi. Wannan ya nuna cewa manyanmu ba sa gudun waya, matuƙar an zo musu ta harshen da suke ji.

To mene ne abin yi? Na farko, shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin dillalai da na direbobi su daina tsayawa ga neman rangwamen kuɗin cirewa kawai. Duk lokacin da wakilan kamfanoni suka zo talla da riguna da huluna, a gaya musu cewa muna son su zo da masu gwaji, su zauna a ranar kasuwa, cikin hayaniya da ƙura, su ba tsofaffi da mata waya su gani da idonsu. Abubuwan da muke nema ba su fi ƙarfinsu ba: waya ta faɗi adadin kuɗi da sunan mai karɓa da murya, cikin Hausa ko Dandanci ko Fulatanci, kafin a tabbatar, ta nuna hoton takardun kuɗin da suka yi daidai da adadin, a ƙara lokacin jira kafin shafi ya rufe, a kuma sauƙaƙa hanyar dawo da kuɗin da suka ɓata hanya. Hukumar ARCEP mai kula da sadarwa a Benin, da babban bankin BCEAO mai ba da izinin kuɗin waya a ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, su ma suna da ta cewa, kuma kuka sai an yi shi ake ji.

Na biyu, kafin a kai ga haka, kowa ya kare dukiyarsa. Idan za ka sa a aika maka, faɗi kuɗin da jika, ka sa a ƙirga maka sifilin a gabanka. Idan abokin ciniki sabo ne, fara da tura kuɗi kaɗan, sai ya ce sun shigo sannan ka tura ragowar. A karanto maka sunan da ya fito kafin ka tabbatar, kada kuma ka goge saƙon shaida. Lambar sirri kuwa da hannunka za ka danna ta, ko da ba ka san komai ba a wayar sai ita. Kuma a yi hattara: mai gwaji na gaskiya da wayarsa yake zuwa da asusun gwaji, ba ya taɓa neman lambar sirrin kowa. Duk wanda ya buga maka waya ya ce daga kamfani yake, yana gwaji ne, ka ba shi lambarka, to ɗan damfara ne, kashe wayarka.

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kamfanonin nan da kuɗinmu suke cin riba, saboda haka ba alfarma muke roƙo ba idan muka ce su zo su tambaye mu inda yoyon yake. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mana dukiyoyinmu, amin.