Gadin Wurin Gini Daga Nesa: Iyakar Abin da Na'ura ke Iyawa a Ƙasar Dutsin-ma da Kurfi

Gabatarwa

Kalmar "gadi" ba ta Hausa ba ce tun asali. Aro ce daga Turanci, kamar 'yan'uwanta "sintiri" da "banga", waɗanda suka shigo bakin Bahaushe a zamanin Turawa da zamanin siyasar farko. Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san tsaro ba kafin zuwansu. Yana da ganuwa da ƙofa da Sarkin Ƙofa, yana da dogarai, manomi kuma yana da karensa da idon maƙwabcinsa. Abin da bai sani ba shi ne a ɗauki mutum a riƙa biyansa don ya kwana a kango yana tsaron kayan gini. Dalili kuwa a fili yake. Kayan ginin gargajiya, wato jar ƙasa da tubali da makuba, in ban da azara, ba abin da ɓarawo zai ɗauka da dare ya sami mai saye da safe. Sai da siminti da rodi da kwano da wayar lantarki suka zo, sa'an nan kango ya zama rumbu marar murfi.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a bayyana wa mai karatu wata sabuwar hanya ta tsaron wuraren gini, wadda ake haɗa na'urori da intanet ta yadda mai aiki zai ga abin da ke gudana yana nesa. Za mu auna hanyar ne da halin ƙasar Dutsin-ma da Kurfi, da ƙauyuka irin su Tamawa, domin abin da ya yi kyau a takardar talla ba lalle ne ya yi kyau a bakin daji ba.

Abin da ake tsaro

Dutsin-ma ba baƙuwar manyan ayyuka ba ce. A ƙasarta aka gina madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983. Amma abin da ya sauya fuskar garin sosai shi ne kafa Jami'ar Tarayya a 2011. Ban da gine-ginen jami'ar kanta a mazauninta na dindindin, 'yan kasuwa sun shiga gina ɗakunan haya na ɗalibai da shaguna da gidajen mai da masaukin baƙi. Da yawa daga masu waɗannan gine-gine ba mazauna garin ba ne. Wani yana Katsina, wani Kaduna, wani Abuja, sai dai ya aiko da kuɗi, a aika masa da labari.

Asarar da ake yi a wurin gini iri biyu ce, kuma ya kamata a rarrabe su tun yanzu, domin a nan maganar take. Ta farko ita ce ta ɓarawon dare, wanda ke haura katanga ya zare wayar lantarki daga cikin bango, ko ya kwance injin ban-ruwa, ko ya ɗauke batirin janareto. Ita ce ake yawan faɗa, domin tana da ban tsoro. Ta biyu kuwa da rana tsaka ake yinta, ba a kuma fasa ko kwado ɗaya. Tifa ta kawo yashi sahu shida a rubuta takwas. A zuƙe man gas daga tankin katafila da mesa. A rubuta sunan leburan da bai zo ba. A buga bulo fiye da ƙima daga buhun siminti ɗaya, ragowar buhunan su fita ta bayan sito. A farkon 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama na Nijeriya, buhu biyu kacal a kowace rana ba ƙaramar ɓaraka ba ce ga wanda zai yi wata shida yana gini. Wannan asara ta biyu ta fi muni ta wata fuska, domin ba a aljihun mai gini take tsayawa ba. Bulon da aka rage wa siminti yana nan cikin bango, ɗalibai kuma za su kwana a ƙarƙashinsa.

Yadda na'urorin ke aiki

Uwar tafiyar ita ce kyamarar tsaro. Irin wadda ta dace da kango ana kafa ta ne a kan dogon ƙarfe, da faifan sola a samanta, da batir da ke ajiye wuta saboda dare, da layin waya a cikinta kamar na salula. Ta wannan layin take aika hoto zuwa wayar mai aiki. Da dare tana haska wuri da wani irin haske wanda idon ɗan Adam ba ya gani amma idonta yana gani, shi ya sa hoton dare ke fitowa fari da baƙi. Yawancinsu ba sa aika hoto dare da rana ba tsayawa, domin kuɗin data zai cinye riba, batir kuma ba zai kai asuba ba. Abin da suke yi shi ne su ajiye hoton a ɗan katin da ke cikinsu, sai wani abu ya gitta sa'an nan su farka su aika saƙo. Abin da ke farkar da su wata 'yar na'ura ce mai jin ɗumin jiki idan yana motsi. To, akuya ma tana da ɗumin jiki, haka kare da jaki. Mai gini da aka tasa sau biyar a dare ɗaya saboda awaki, a dare na shida kashe wayarsa zai yi. Saboda haka sababbin kyamarori ke zuwa da wata dabara ta kwamfuta mai rarrabe surar mutum da ta dabba da ta mota, ko da yake ita ma takan yi kuskure cikin hazo.

Ta biyu ita ce na'urar bin sawu da ake ɓoyewa a jikin tifa ko katafila ko babban janareto. Tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam na GPS, aƙalla guda huɗu a lokaci ɗaya, ta lissafa inda take, sa'an nan ta aika ta layin waya. Mai aiki yana iya zana iyaka a taswira, da zarar mota ta ƙetare wannan shinge da ido ba ya gani sai wayarsa ta yi ƙara. Akan haɗa ta da ma'aunin da ake sakawa cikin tanki. Idan mai ya ragu da lita arba'in cikin minti goma alhali injin a kashe yake, ba sai an nemi boka ba. Akwai kuma na'urar danna yatsa a bakin ƙofa, wadda ke hana rubuta leburan bogi. Jirgi marar matuƙi na ɗaukar hoto daga sama shi ma ana amfani da shi wajen duba yadda aiki ke ci gaba, amma tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya ta shar'anta neman izini kafin a tashe shi, kuma a yankin da sojoji ke aiki ba abin wasa ba ne.

Igiyoyin da suka riƙe ta

Duk wannan tsari a rataye yake da wuta da sabis da kuma mutumin da zai amsa kira. Maganar wuta ita ce mafi sauƙi. Ba wanda zai dogara da wutar gari a kango, sola kuwa ƙasar Katsina ba ta rasa rana. Matsalar ita ce ƙurar hunturu da ke lulluɓe faifan daga Disamba zuwa Fabrairu, ga ƙurar siminti ta wurin aikin kansa, sa'an nan zafin bazara da ke gajartar da ran batir. Faifan sola da batir su ma kaya ne masu kasuwa. Wanda ya san labarin kyamarorin Abuja zai gane haka. A 2010 Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 ta tsarin sadarwar tsaro wanda ya haɗa da kafa kyamarori a Abuja da Legas, amma ba a yi shekaru masu yawa ba aka wayi gari turakun suna tsaye babu aiki, an kwashe faifai da batura na da yawa daga cikinsu. Mai gadi ya zama abin da ake nema wa gadi.

Igiya ta biyu ita ce mutanen Dutsin-ma da Kurfi suka ga tsinkewarta da idonsu. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina domin a toshe hanyar sadarwar 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, Dutsin-ma da Kurfi kuma suna ciki. Sai a watan Disamba aka fara maido da su. A daidai wannan lokaci dokar jiha ta hana sayar da fetur a jarka, wanda ke nufin ko janareto ma sai da dabara. Mai karatu ya dubi abin da wannan ke nufi ga tsarin da muka bayyana. Kyamara tana nan tana ɗauka, amma ba ta da bakin faɗa. Na'urar bin sawu ta san inda tifa take, domin taurari ba su daina aiko saƙo ba, amma ba ta da hanyar gaya wa mai ita. Wato a daidai lokacin da tsoro ya kai matuƙa, a lokacin ne idon nesa ya makance. Ko ba da umarnin hukuma ba, turken sadarwa na ƙauye yakan mutu idan man injinsa ya ƙare ko aka yi masa ɓarna. Tun farkon 2023 kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijeriya, yana ba da intanet kai tsaye daga tauraro ba tare da turke ba, kuma wannan ya buɗe wata ƙofa. Sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata da wutar da yake ci sun fi ƙarfin mai gina shaguna goma. Na babban ɗan kwangila ne, irin masu shimfiɗa titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

Igiya ta uku ita ce masu talla ba su cika ambata ba. A Ingila ko Amurka, inda aka tsara wannan hanya, akwai ofishin da ma'aikata ke zaune dare da rana suna kallon allo. Suka ga mutum sai su yi masa tsawa ta lasifika, su kira 'yan sanda, mota ta iso cikin ɗan lokaci. To, a ce saƙo ya iso wayar mai gini a Abuja da ƙarfe biyu na dare, yana kallon mutane a kangonsa na bayan garin Dutsin-ma. Wa zai kira? Idan ɓarayin rodi ne su biyu, ƙarar jiniya da hasken fitila sun isa su kore su. Idan kuwa mutanen daji ne da suka fito daga wajen Rugu a kan babura da bindigogi, ba siminti ya kawo su ba, mutum suke nema. Sace ɗalibai mata biyar na jami'ar daga gidan hayarsu a watan Oktoba na 2023 ya nuna irin abin da ake fuskanta. A wannan wata ne Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, wadda aka ɗebi 'ya'yanta daga garuruwansu. A ganina, lambar wayar irin waɗannan da ta mai unguwa da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa ta fi ƙarin kyamara ta biyar amfani, domin hoto ba ya kama hannun kowa.

Inda amfaninta yake

Idan aka auna duk wannan, za a ga cewa a ƙasarmu na'ura ta fi iya aikin shaida da na malamin sito bisa ga aikin dogari. Asarar rana, wadda muka ce ita ce mai cin gini a hankali, ita ce na'ura ke toshewa da gaske, kuma ba ta bukatar kowa ya taso da dare. Ko sabis ya ɗauke kwana uku, hoton yana cikin kati, ana iya ƙirga tifofin da suka shigo. Mai gini yana iya ganin an ɗaura rodi yadda injiniya ya ce kafin a zuba kankare ya rufe shi har abada. Birkila mai gaskiya shi ma ya huta da zargi, domin sau da yawa rigimar mai gini da ma'aikatansa zato ne ba sata ba. Sai dai ya kamata a gaya wa ma'aikata cewa ana ɗaukarsu, kada kuma a karkata kyamara ta leƙa tsakar gidan maƙwabci inda iyalinsa suke. Al'adarmu ta hana wannan tun kafin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta zo.

Shi kuwa mai gadi, masu cewa na'ura za ta raba shi da abincinsa sun yi gaggawa. Tun bayan farin 1973, lokacin da Buzaye da yawa suka gangaro daga Nijar suka kama aikin gadi a biranen Arewa, abin da ake saye a wurin mai gadi amana ce da rashin barci. Yanzu rashin barcin ya koma kan na'ura, amma an ƙara masa wasu ayyuka. Shi zai hau ya goge faifan sola da tsumma duk bayan kwana biyu a lokacin hunturu, shi zai share yanar gizo-gizo daga idon kyamara, domin hasken darenta yana jawo ƙwari. Idan ɗan Tamawa ne ko wani ƙauye na kusa, shi zai kalli hoto ya ce wannan ɗan gidan wane ne, itace yake nema, wancan kuwa baƙuwar fuska ce. Wannan sanin nasa shi ne kuma hatsarinsa, domin wanda aka kama ya san wa ya gane shi. Saboda haka masu lura ba sa ajiye akwatin da ke tara hotuna a ɗakin mai gadi, inda za a tsare shi da makami a ce ya miƙo. Sukan ɓoye shi a wurin da shi kansa bai sani ba, su kuma bari kowa a wurin aikin ya san cewa bai sani ba.