Dakoro: Kafin ka tura kuɗin sabon batir, a saurari motar tukuna

Duk ɗan Dakoro da ke ci-rani ya san irin wannan kiran wayar: motar gida ta ƙi tashi, batir ya mutu, a turo kuɗi. Sau da yawa kuwa batirin lafiyarsa lau.

Peugeot 504, wadda kowa ke kira Fijo, ta fito a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Irinta da tsofaffin Toyota har yanzu suna jigilar gero, awaki da mutane tsakanin Dakoro, Kornaka, Sabon Machi da Maradi. Idan mota ta kwana ranar kasuwa, cinikin mako ya tafi. Idan mai naƙuda ce za a kai asibiti, maganar ta wuce ta kuɗi.

Tsohon makaniki ba ya fara da sufana, kunne yake kasawa. In an murɗa makulli aka ji ƙas-ƙas amma inji bai juya ba, kan batir yake fara dubawa. Farin garin nan da ke taruwa a kai yana tare wuta, kuma ruwan zafi da buroshi sun isa su kawar da shi. Cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6. In hakan ya nuna, sai a koma kan demarer da wayar da ke haɗa inji da jikin mota.

Inda aikin yake shi ne inji ya juya garau amma ya ƙi kamawa. A nan ake zare wayar buji ɗaya, wato fulogi a bakin 'yan Najeriya, a kusantar da ita jikin inji a murɗa. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, wuta na zuwa. Ja-ja mai rauni ko babu, sai a buɗe delko. Ƙurar hunturu kan shige ciki, murfin kan tsage, bakin fulatin kuma kan ƙone ko ya matse. Tazararsa a 504 milimita 0.4 ce, siririn abin da ke tsayar da mota guda. Kwandensa ma, duk da arharta, in ta lalace takan sa a zargi bobin a banza.

Sai mai. Wanda ake saya a kwalba bakin hanya kan zo da yashi ko ruwa, ya toshe matata da karbireta. Masu gazuwal kuwa, sanyin asuba a Disamba da Janairu ne ke tona asirin bujin ɗumama inji.

Turawa a giya ta biyu takan fid da direba kunya a tasha. Sai dai a cikin rairayin hanyar Bermo, mutum goma ma ba za su gusar da mota mai lodi ba.