3.4 Bukukuwan Addinai Uku a Tsakanin Al'ummar Malayali

3.4.1 Gabatarwa

A wannan sashe za a dubi bukukuwan al'ummar Malayali, wato mutanen jihar Kerala da ke bakin teku a kudu maso yammacin ƙasar Indiya, masu magana da harshen Malayalam. An kafa wannan jiha a shekarar 1956 bisa iyakar harshe. Ƙidayar shekarar 2011 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 33, kimanin kashi 55 cikin ɗari mabiya addinin Hindu ne, kashi 27 Musulmi, kashi 18 kuma Kiristoci. Dalilin ɗauko wannan al'umma a matsayin misali shi ne, mabiya addinan uku sun shafe ɗaruruwan shekaru suna zaune wuri guda, harshensu ɗaya, abincinsu kusan ɗaya. Saboda haka bukukuwansu za su taimaka wajen fahimtar inda addini ya tsaya da inda al'ada ta soma a sha'anin biki.

3.4.2 Bukukuwan Mabiya Hindu

Babban bikin Malayali shi ne Onam. Ana yin sa tsawon kwana 10 a watansu na Chingam, wanda yake faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, lokacin da damina ta fara ja baya. Asalinsa yana komawa ga hikayar wani sarki adali mai suna Mahabali. An ce ubangijinsu Vishnu ya zo masa a siffar wada mai suna Vamana, ya roƙi filin taku uku. Da taku biyu ya mamaye sama da ƙasa, na ukun kuwa sarki ya miƙa kansa don kada ya saɓa alkawari, aka tura shi ƙarƙashin ƙasa. Sai dai an yarje masa ya riƙa ziyartar talakawansa sau ɗaya a shekara. Don tarbarsa ne ake shirya furanni a ƙofar gida, a dafa shinkafa da miya iri-iri a zuba kan ganyen ayaba, a kuma yi tseren dogayen kwale-kwale a koguna. Tun shekarar 1961 gwamnati ta ɗauke shi a matsayin bikin jiha baki ɗaya.

Akwai kuma Vishu a tsakiyar Afrilu, inda manya kan raba wa yara kuɗi da safe. Sai Pooram na birnin Thrissur, wanda sarki Sakthan Thampuran ya assasa a ƙarshen ƙarni na 18. A nan ɓangarori biyu kan jera giwaye 15 kowannensu, suna gasar sauya laimomi masu ado, ana kaɗa gangar da suke kira chenda.

3.4.3 Bukukuwan Kiristoci

Kiristocin Kerala suna danganta asalinsu ga Toma, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa (AS), wanda suka ce ya sauka a gaɓarsu a shekara ta 52 miladiyya. Baya ga Kirsimeti da Ista, majami'u da yawa suna da bikin waliyyinsu na shekara, wanda ake kira perunnal. Misali, a Manarcad akan yi azumin kwana 8 daga 1 zuwa 8 ga Satumba don girmama Nana Maryamu, a Malayattoor kuwa masu ziyara kan hau dutse ɗauke da gicciye. Abin lura a nan shi ne yadda ake gudanar da bikin. Akan fara da ɗaga tuta a kan dogon ginshiƙi, a kunna fitilar tagulla mai amfani da mai, a zagaya gari da laimomi da ganguna, a rufe da wasan wuta. Duk waɗannan abubuwa ana samun su a bukukuwan wuraren bautar Hindu.

3.4.4 Bukukuwan Musulmi

Musulunci ya isa Kerala ta hannun fataken Larabawa masu zuwa sayen masoro da sauran kayan yaji. Masallacin Cheraman da ke Kodungallur, bisa ruwayar mutanen wurin, an gina shi a shekarar 629. Mafi yawan Musulmin ana kiran su Mappila, kuma mabiya mazhabar Shafi'iyya ne. Sallar azumi suna ce mata Cheriya Perunnal, ta layya kuwa Valiya Perunnal, wato "ƙaramin biki" da "babban biki", daidai da yadda Bahaushe yake cewa ƙaramar salla da babbar salla. Ke nan Musulmi da Kirista kalma ɗaya suke amfani da ita ga bikinsu. Haka kuma suna yin Mauludi, inda ɗaliban makarantun Islamiyya kan fito jerin gwano suna kaɗa mandiri.

Bikin da ya fi ɗaukar launin ƙasar shi ne nercha, wato bikin cika alwashi a hubbaren wani waliyyi ko shahidi, kamar wanda aka san garin Kondotty da shi. A wasu wurare, irin su Pattambi, akan fito da giwaye da ganguna kamar na Pooram. A Beemapally kuwa masu ziyara kan kawo tukwanen ƙasa da aka shafe da sandal, cike da kuɗin sadaka.

3.4.5 Cuɗanya da Saɓani

Misalin cuɗanya mafi bayyana shi ne na garin Erumeli. Mabiya Hindu masu tafiya ziyara dutsen Sabarimala sukan tsaya su kewaya masallacin Vavar, wanda hikaya ta ce Musulmi ne aminin abin bautarsu Ayyappa. Wasunsu kuma idan sun dawo sukan biya majami'ar Arthunkal su cire carbin da suka rataya a wuya.

Sai dai ba kowa ya yarda da wannan cuɗanya ba. A cikin Musulmi, ƙungiyar Samastha da aka kafa a 1926 tana kare ziyarar waliyyai, ita kuwa Nadvathul Mujahideen ta 1950 tana ganin nercha bidi'a ce. Wasu malaman Musulmi da na Kirista sun sha gargaɗin mabiyansu game da shiga Onam. Ta ɗaya ɓangaren, a shekarar 2016 shugaban jam'iyyar BJP na lokacin, Amit Shah, ya aika gaisuwar zagayowar haihuwar Vamana a jajibirin Onam. Wannan ya jawo suka mai yawa, domin jama'a sun ɗauka yunƙuri ne na mayar da bikin kowa ya zama na addini guda.

3.4.6 Naɗewa

Idan aka yi la'akari da bayanan da suka gabata, za a ga cewa kowane biki a Kerala yana da ɓangare biyu. Akwai ibada, wadda kowa yake yin tasa a masallaci ko majami'a ko wurin bauta. Akwai kuma shagali, wato giwa da laima da ganga da abinci, wanda gadon ƙasa ne da duk Malayali suka yi tarayya a kansa. Saɓanin da ake samu yana tasowa ne a kan iyakar da ke tsakanin waɗannan biyu, domin abin da wani yake ɗauka al'ada ce, wani ibada yake ganin sa. Wannan rarrabewa ita za a riƙe a matsayin ma'auni a sashe na gaba.